Girman Akwati Ba Shi Ne Ƙarfin Lasifika Ba

Na gaji da jin maganar nan a bakin masu DJ da 'yan kwamitin masallaci, wai a ce wa kafinta ya ƙara wa akwati girma don sauti ya kai ƙarshen unguwa. Shi kuwa kafinta ba zai yi musu ba, ai kuɗin aiki ne ya ƙaru.

Takardar lasifika gaba da baya take motsi, sautin da ke fita ta bayanta yana kashe na gaba, musamman bes. Aikin akwati shi ne raba su. Iskar da ke ciki kuma ita ke riƙe takardar kada ta wuce iyaka. Idan akwatin ya yi mata yawa, riƙon ya saki, sai takarda ta dinga lilo, a murɗa amfilifaya ta yage, a ce ai jabu ce 'yan kasuwa suka sayar. Haba jama'a! Tun 1961 wani injiniyan Ostireliya, Neville Thiele, ya fitar da lissafin wannan abu, Richard Small ya faɗaɗa shi daga baya, shi ya sa kamfanonin kirki ke rubuta lita nawa kowace lasifika ke so. Mu kuwa da ido muke awo.

Lissafin litar akwati ba wuya. A auna ciki, ba waje ba: santimita 50 sau 40 sau 30, a raba da 1000, lita 60 ke nan. A samu filawud mai kaurin milimita 18, a bar silin ɗin nan da ke kaɗawa kamar ganga. MDF yana da kyau a ɗaki, amma da ya sha ruwa ya kumbura, bai dace da yawon biki ba, kuma mai yanka shi ya sa takunkumi saboda ƙurarsa. A shafa gam a kowace mahaɗa kafin a ɗaure da sukuru, kusa kaɗai tana saki. A gitta katako a ciki ya tokare bango da bango. Bututun iska ma da tsawonsa da faɗinsa, ba huda rami kawai ake yi ba.



Kafin ka biya, ka ƙwanƙwasa gefen akwatin da hannu, kuma kada ka yarda a liƙa kafet sai ka ga mahaɗar da idonka.