Keken surfani

A babbar kasuwar Yamai akwai teloli masu yin surfani a wuyan riga. Wajen ɗinki, ƙananan haƙoran keke ne ke jan ƙyalle. Wajen surfani kuwa, tela ya kan saukar da haƙoran, ya riƙa juya ƙyallen da hannu.

Tilas ƙafa da hannu su tafi tare. In allura ta fi hannu sauri, sai zare ya taru wuri guda, ya tsinke. In hannu ya fi sauri, sai allura ta karye, shadda mai tsada ta lalace.

Shi ya sa waɗansu kekunan lantarki ke da maɓallin ƙayyade gudu. In ɗan koyo ya rage gudun, ko ya taka da ƙarfi, keken ba ya wuce iyaka.