Tsayar da Na'ura ko Yin Gargaɗi: BUG_ON da WARN_ON a Sikeli

A kanel na Linux, gindin manhajar da ke raba wa kowane shiri gurbinsa a ƙwaƙwalwar kwamfuta, injiniyoyi kan ɗana tarko don kama kuskure. Biyu suka fi suna. BUG_ON yana kashe aikin da ke gudana nan take idan sharaɗi ya karye. WARN_ON kuwa rahoto yake rubutawa, ya bar aiki ya ci gaba.

Hujjar masu tsayarwa tana da nauyi. Idan lissafin shafukan ƙwaƙwalwa ya ruɗe, ana iya miƙa shafi ɗaya ga shiri biyu, ko gurɓataccen bayani ya sauka kan faifai. A uwar garke mai ɗauke da kwamfutocin baƙi ta hanyar KVM, wanda ya shiga Linux a 2007, abin ya fi muni, don bayanan wani baƙo na iya faɗawa hannun maƙwabcinsa. Gara a tsaya, in ji su.

Masu gargaɗi suna duban abin da ke biyo bayan tsayawar. Aikin da aka kashe sau da yawa yana riƙe da makullin da sauran ayyuka ke jira, sai na'ura ta daskare, rahoton ma bai kai faifai ba. An ga hakan a Oktoban 2016, bayan fitowar Linux 4.8: wani VM_BUG_ON a sashen ƙwaƙwalwa ya riƙa kayar da kanel, Linus Torvalds, jagoran Linux, ya fusata, yana ganin gargaɗi ya wadatar. Irin wannan tarko wai na masu gwaji ne kawai, amma a lokacin tsarin Linux na Fedora kan kunna shi ga kowa. Yanzu ƙa'idar rubutun kanel ta hana ƙara sabon BUG_ON, ta fifita WARN_ON_ONCE, mai yin gargaɗi sau ɗaya kawai.

Sai dai gargaɗin ma ba ya da lafiya gaba ɗaya. Masu kunna saitin panic_on_warn sun mayar da kowane gargaɗi mutuwar na'ura. Kuma gargaɗin da ba a haɗa shi da hanyar janyewa ba, ihu ne bayan hari.

Mutanen KVM sun bi ta tsakiya da KVM_BUG_ON. Yana yin gargaɗi, ya yi wa baƙon da abin ya shafa tambarin lalacewa, ya ƙi karɓar umarni a kansa, mai masauki da sauran baƙi su ci gaba da harkarsu.

A ganina WARN_ON ya rinjaya, matuƙar wanda ya ɗana shi ya rubuta abin da za a yi bayan an kama kuskuren. BUG_ON na da gurbi ɗaya: inda ɓarnar ta shiga lissafin mai masaukin kansa, har ba a san iyakarta ba.