Rage Sitaci Don Ƙiba Da Ciwon Suga: Daga Ina Ɗalibi Zai Fara?

Shayi da biredi da safe, Indomie da rana, da dare a jiƙa garin kwaki da sukari. Wannan shi ne abincin da yawa daga cikinmu a hostel, kuma kusan duka sitaci ne. Shi ya sa duk mai son rage tumbi, ko wanda ciwon suga ke bin gidansu, ya kamata ya san tsarin nan na rage sitaci da ake ta yaɗawa a intanet.

Abin da ke faruwa a jiki shi ne: tuwo, shinkafa, taliya, doya, biredi, duk suna narkewa su zama suga a cikin jini. Sai jiki ya saki sinadarin insulin domin ya kai sugan cikin tsoka. Wanda ya yi rara, a adana shi a matsayin kitse. Mai ciwon suga nau'i na biyu, jikinsa ba ya jin insulin yadda ya kamata, sai sugan ya taru a jini, a hankali ya lalata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Idan aka rage sitacin da ke shiga, sugan ba ya hawa sosai.

Masana na kiran abinci mai ƙarancin sitaci idan bai kai giram 130 a rana ba. Wanda ake cewa keto ya fi tsanani, giram 20 zuwa 50 kacal. Gaskiya ɗalibi ba ya buƙatar ya kai can.

To daga ina za a fara? Daga abin sha. Robar Coke mai santilita 50 tana ɗauke da sukari kusan giram 53, wajen ƙaramin cokali 13 ke nan, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini. Roba ɗaya ta cinye kason ranar. Zoɓo da kunun zaƙi da shayin da aka cika wa sukari su ma suna cikin lissafi.

Sai faranti. Ba wai a daina tuwo ba ne, a'a. Malmala biyu ta koma ɗaya, a ƙara miyar kuka ko kuɓewa ko ta ganye. Gurbin da ya rage a cike shi da abin da aljihu zai iya: dafaffen ƙwai, awara, gyaɗa, kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, kabeji, kifi, kindirmo ba sukari. Wake yana da sitaci, amma ya fi biredi riƙe ciki kuma a hankali yake ɗaga suga, don haka alale ya fi fanke.

Kada sikeli ya ruɗe ka a makon farko. Yawancin nauyin da ke sauka da wuri ruwa ne, kitse sai an yi haƙuri. Za a iya jin ciwon kai da kasala na ƴan kwanaki, don haka kar a fara ana gobe jarrabawa.

Babban gargaɗi: duk mai yin allurar insulin ko shan glibenclamide, kar ya kuskura ya rage sitaci sai likita ya daidaita masa magani. Idan suga ya faɗi ƙasa da 70 a na'urar gwaji, sai rawar jiki, zufa, jiri, har suma. A nan kam a ba shi abu mai zaƙi nan take in yana iya haɗiya, a wuce asibiti. Mai juna biyu da mai ciwon ƙoda su ma sai da shawarar likita.

In akwai mai ciwon a danginku, ko kana yawan ƙishirwa da fitsarin dare, leƙa kilinik ɗin makaranta da safe kafin ka karya, a gwada jininka. In ya nuna 126 ko sama da haka, kuma ya maimaita a wata rana, to maganar ta wuce rage tumbi, ta koma wurin likita.