Kafin ka jefar da tsohuwar fitila mai famfo

 A zantawarmu ta wannan mako mun ɗauko wata tsohuwar abokiyar tafiya wadda tocila mai caji da fitilar sola suka ture gefe, wato fitila mai famfo, wadda wasu ke ce wa fitilar gas. Da yawanku kuna da ita rataye a bukka ko a ƙuryar shago, ƙura ta lulluɓe ta, an ce ta mutu. To, yawanci ba mutuwa ta yi ba. Wanda kuwa ya taɓa yin kwana uku cikin marka, rana ba ta leƙo ba, batir ya sauka, ga saniya tana naƙuda da tsakar dare, shi ya san darajar fitilar da ba ruwanta da caji.

Fara da goge tankin ka duba sunan da ke jikinsa, don ba dukansu ke shan mai iri ɗaya ba. Petromax 'yar Jamus ce, wani mai suna Max Graetz ya ƙirƙiro ta a Berlin a 1910. Tilley 'yar Ingila ce. Akwai kuma irin su Butterfly da Anchor na ƙasashen Asiya, waɗanda aka kwaikwayi ƙirar Petromax wajen yin su. Duk waɗannan kananzir suke sha. Amma Coleman ta Amurka, wadda kan faɗo cikin kayan gwanjo, akasarinta wani farin mai take sha, ɗan'uwan fetur, ko da yake akwai ta kananzir a cikinsu. Ka riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Aikinta ba wani sihiri ba ne. Famfo yana tura iska cikin tanki, iskar ta danne kananzir ya hau bututun da ke tsaye a tsakiya. Zafi ya mai da shi tururi, tururin ya fita ta wani ɗan rami da bai kai tsinin allura ba, ya gauraya da iska, ya ci a cikin 'yar farar ragar nan da ake kira mantil. Saboda haka in fitila ta ƙi, ɗayan uku ne: ko iska ba ta zama, ko ramin ya toshe, ko bututun bai yi zafi ba.

Mu ɗauki iska tukuna, don nan ne ciwon ya fi yawa. In kana buga famfo kana jin sa sakayau, ba ya turjewa, kwance shi ka zaro sandar. A ƙarshenta za ka ga wata 'yar fata mai siffar ƙoƙo. Hunturu ne ya busar da ita ta ƙanƙance. Jiƙa ta cikin man keken ɗinki ko man inji mai tsabta, ta kwana, da safe ka buɗa bakinta da yatsa a hankali, ka mayar. Sau da yawa gyaran ke nan gaba ɗaya, kuma fitilar da aka yi shekara biyar ana yi wa kallon gawa sai ta tashi. In fatar ta tsage, kai wa baduku tsohuwar ya yanka maka irinta da fata mai laushi. Wannan kam ba sai an je birni ba.

In famfo yana aiki amma iskar tana gudu, kaɗa ruwan sabulu ka shafa a bakin murfin tanki da duk wata mahaɗa. Inda ya yi kumfa, nan ne ɓarakar. Galibi robar cikin murfin ce ta ƙandare. Na san dabarar da ake yi, a yanko tsohon tiyub na keke a cusa. Zai yi maka kwana biyu, amma kananzir yana kumbura irin wannan roba har ta lalace, ɓurɓushinta ya gangara cikin mai ya je ya toshe rami. Nemi ta ainihi wurin masu gyaran risho da fitilu ranar kasuwa.

Akwai alama guda da ba a wasa da ita. In ka tura sandar famfo ta dawo da kanta, ko ka ga kananzir yana fitowa ta bakin famfon, to 'yar makullin da ke can ƙasan famfo ta saki. Kada ka kunna. Mai ne zai tsarto maka a hannu ga wuta a sama. Sai an canja ta.

Sai ramin. A Petromax da 'yan'uwanta, in ka juya ɗan makunnin nan na gefe, wata siririyar allura takan taso ta share ramin ta koma. Yi haka sau biyu ko uku in ka ga haske yana rawa. Abin da ba a yi shi ne a sa allurar ɗinki ko ƙaya ko tsinken waya. Da zarar ramin ya faɗaɗa, mai zai yi wa iska yawa, wutar ta koma ja, mantil ya yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe ƙwan, kuma ba ya sake tsukewa. Sabon kan rami kawai za ka saya.

Wajen kunnawa kuwa, gaggawa ce ke ba mutane kunya. Zuba sifirit a ɗan kaskon da ke gindin bututu, ka kunna, ka bar shi ya kusa cinyewa kafin ka buɗe mai. Lokacin sanyi maimaita sau biyu. Mai irin Petromax ɗin da ke da nata abin ɗumamawa, ya ba ta kamar minti ɗaya da rabi. Kada ka taɓa zuba fetur a kaskon nan wai don sifirit ya ƙare. In ka yi sauri ka buɗe, ɗanyen kananzir zai fito, jar wuta ta tashi ta saman hula. Kar ka firgita ka yi jifa da ita. Rufe mai, ka sassauta ɗan sukurun iska, za ka ji ta yi tsaki wutar ta kwanta. Amma ka ji da kyau: wannan dabara ta mai kananzir ce kaɗai. Coleman mai farin mai, in ka buɗe murfinta tana ci ko tana da zafi, tururin da zai fito shi ne zai kama. Ita rufe makunninta ake yi, a ja da baya.

Yanzu ga maganar da ta fi dukansu nauyi, maganar mai. Mu da ke bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko Illela zuwa Ƙonni, mun saba da sayen mai a kwalba da jarka a bakin titi. Jarkar da ta ɗauko fetur jiya ita za ta ɗauko kananzir yau, wani lokaci ma da gangan ake haɗawa in ɗaya ya fi ɗaya tsada. An sha jin gobarar gurɓataccen kananzir a Nijeriya, gida guda ya ƙone saboda fitila ko risho. Dalili shi ne, kananzir sai ya ɗumama yake ba da tururin da wuta za ta kama, shi kuwa fetur ko cikin sanyin asuba yana tururi. Ka zuba shi a tankin da aka matse da iska, ga wuta a sama, ka ga ai ba fitila ka rataya ba.

Gwada kafin ka zuba. Sunsuna tukuna, hancin ɗan kasuwa ya san warin fetur. Ɗiga kaɗan a bayan hannu: fetur yana yin sanyi ya bushe nan take, kananzir yana zama da maiƙonsa. In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, zuba rabin cokali a murfin gwangwani, ka kai shi fili cikin inuwa nesa da jarkar, ka miƙa masa wuta da dogon kara. In ya yi fau tun wutar ba ta taɓa shi ba, akwai fetur a ciki. Asarar kuɗin kwalba ɗaya ce, haƙura da shi. Gazuwal kuma, wato man dizal, ba ya fashewa haka, amma yana cika bututu da gawayi har fitilar ta shaƙe.

Mai kyan ma tace shi da ƙyalle mai tsabta, don ƙurar hanya ita ce ke toshe rami. Kada ka cika tanki maƙil, bar kashi ɗaya cikin huɗu don iska ta sami wurin zama. Babbar Petromax tana ɗaukar kamar lita guda, ta kai ka wajen awa takwas. Kuma ba a ƙara mai sai fitila ta mutu ta huce. Tankin da tsatsa ta huda har yana tsattsafo da mai, wannan kam shi ne mutuwar gaske. Cire famfo da ƙwai da hula ka adana don wata.

Mantil in ka ɗaura sabo, kunna shi ya cinye ya zama farar toka, daga nan kada ka ƙara taɓa shi. In ya huje ko kaɗan ne, canja, don harshen wuta zai fita ta hujin ya fasa ƙwai, shi kuwa ƙwai yanzu ya fi komai wuyar samu. Tsofaffin mantil ana haɗa su da wani sinadari mai suna toriyom, wanda ba a son ya shiga ciki. Ƙona sabo a waje, kada ka shaƙi hayaƙinsa, ka wanke hannu, tokar tsohon kuma a binne ta nesa da ƙwaryar nono da hannun yara.

Wurin ratayewa ma abin dubawa ne. Zafin da ke fita ta hularta yana iya kama ciyawar bukka ko ledar rumfa, don haka bar aƙalla kamu biyu tsakaninta da rufi. Kada a rufe ƙofa ruf a kwanta tana ci, don wuta a rufaffen ɗaki tana haifar da wata iska marar wari mai sa ciwon kai da jiri, har ta kashe mutum cikin barci. In yayyafi ya sauko, shigar da ita inuwa, ɗigon ruwa ɗaya a kan ƙwai mai zafi ya isa ya tsaga shi.

In za a tashi, ko mashekari za ku ko fatauci, saki iskar, juye man a kwalba, ka naɗe ƙwan da tsumma daban. Mantil ɗin da ya riga ya ci wuta da wuya ya jure girgizar jaki ko babur, kada ka ɓata rai a kansa. Sami ƙaramin gwangwani mai murfi ka zuba mantil uku ko huɗu, da fatar famfo guda, da robar murfi, da allura, da kan rami, ka ɗaure shi a jikin mariƙin fitilar.