Dilar Audugar da Chester Himes Ya Yar a Titin Harlem

Talauci ne ya kai Chester Himes ga rubuta labaran 'yan sanda da ɓarayi, kuma shi kansa bai taɓa ɓoye hakan ba. Baƙar fatar Amurka ne, an haife shi a jihar Missouri a 1909. Yana ɗan shekara 19 aka ɗaure shi a gidan yarin Ohio bisa laifin fashi da makami, a can ya fara rubutu, ya fito a 1936. Littattafansa na farko, irin su If He Hollers Let Him Go na 1945, kukan wariyar launin fata ne kai tsaye, amma ba su cika masa aljihu ba, littafinsa na biyu ma suka ya sha daga kowane ɓangare. A 1953 ya tattara ya koma Faransa. A can ne Marcel Duhamel, editan jerin littattafan Série Noire na kamfanin Gallimard, ya ba shi kuɗin kafin alƙalami ya ce ya rubuto labarin bincike. Littafin da ya fito daga wannan ciniki ya ci babbar lambar adabin 'yan sanda ta Faransa a 1958. Abin da nake son nunawa shi ne, wannan aikin neman abinci ya ba Himes hanyar faɗin abin da littattafansa na ƙorafi suka kasa isarwa, domin ya daina wa'azi ya koma ɗora ma'ana a kan kayan da ake gani ana taɓawa.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a Cotton Comes to Harlem na 1965. Wani ɗan damfara mai rigar limamin coci, Deke O'Malley, ya karɓi dala dubu ɗaya-ɗaya daga iyalai 87 na unguwar Harlem da ke birnin New York, da alkawarin zai mayar da su Afirka. Ana cikin taro wasu fararen fata suka yi awon gaba da kuɗin, dala 87,000, suka cusa su cikin dilar auduga, dilar kuma ta faɗo daga mota a guje. Daga nan kowa ya shiga farautarta: ɓarayi, 'yan sanda, da wani Kanar Calhoun daga kudancin Amurka, wanda ya buɗe ofis yana lallashin baƙar fata su koma kudu tsinkar auduga. Mai karatu a Amurka ba ya bukatar a yi masa bayani. Auduga ce amfanin gonar da aka bautar da kakannin mutanen nan a kanta, ita ce kuma jikokinsu suka gudo wa lokacin da suka yi ƙaura zuwa biranen arewa. Sai ga shi burinsu na komawa gida yana ƙunshe a cikin abin da ya zama tambarin bautarsu. Shirin komawa Afirka ma ba daga sama ya faɗo ba, yana tuna wa mutum yunƙurin Marcus Garvey, wanda Harlem ce cibiyarsa a shekarun 1920.

Za a iya cewa masu sharhi ne ke laƙaba wa labarin nishaɗi ma'anar da marubucin bai nufa ba, tunda mutum ne mai rubutu da gaggawa don biyan kuɗin haya. Amma a duba yadda aka ƙulla labarin. Da a akwatin ƙarfe aka zuba kuɗin, da babu dalilin zuwan Kanar, babu dalilin rawar da wata mata ta yi da dilar a gidan rawa na Cotton Club, kuma ƙarshen ba zai yi ma'ana ba. A ƙarshen, 'yan sandan nan biyu baƙar fata, Coffin Ed Johnson da Grave Digger Jones, ba su samo kuɗin ba. Wani tsoho mai tsince-tsincen bola, Uncle Bud, ya riga ya kwashe ya tafi Senegal, shi kaɗai ne ya ga Afirkar. Su kuwa sai suka tsare Kanar, suka sa ya biya dala 87,000 daga aljihunsa a mayar wa iyalan, su kuma su bar shi ya tsere daga tuhumar kisa. Wato ɗan kudu ya biya diyya, amma ta bayan fage, domin sun san kotu ba za ta yi musu wannan aikin ba. Abin da aka tsara haka daga tushe ba a kiransa katari.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa Himes ya zana Harlem tamkar dandalin mahaukata, jini da barkwanci a cakuɗe, don ya burge Turawan Faransa, alhali zamansa a unguwar bai yi tsawo ba, kuma daga ƙetare yake rubutu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, musamman yadda yake siffanta mata, wanda sau da yawa ba ya da daɗin karatu. Sai dai wuce gona da irin nasa yana da alkibla. Fuskar Coffin Ed, wadda aka watsa wa ruwan asid tun a littafin farko na jerin labaran 'yan sandan nan biyu, tana bin sa cikin dukan jerin, tana karkarwa duk lokacin da ransa ya ɓaci. Mutum ne da aka ba bindiga ya tsare dokar da ba ta tsare irinsa, kuma alamar hakan na manne a fatarsa. Mai neman burge baƙi kawai ba ya wahalar da jaruminsa haka.

Da aka kai 1969, bayan tarzomar da ta girgiza biranen Amurka, Himes ya karya ƙa'idar wannan nau'in rubutu gaba ɗaya. A Blind Man with a Pistol ba a warware kisan da aka buɗe bincike a kansa ba. Wani makaho ya zaro bindiga a jirgin ƙarƙashin ƙasa yana harbi ba ya ganin wanda yake samu, hoton tashin hankalin da ba shi da tsari ko jagora. Masu binciken biyu kuwa, waɗanda manyansu suka hana su bin sawun da zai kai ga masu ƙarfi, suna tsaye a bakin gine-ginen da ake rushewa suna harbin ɓeraye.