Idan Saniya Ta Faɗi, Wa Ke Biya?

A kasuwar dabbobi ta Turaku da ke Yamai, dillali ba ya jiran sanarwar gwamnati kafin ya san ciyawa ta ƙare a arewa. Daga Afrilu zuwa Yuni shanu kan iso haƙarƙari a waje, tozo ya kwanta, farashinsu na faɗuwa, na buhun dusa na hawa. Wanda bai sayar ba, sau da yawa mushe zai tarar kafin ruwan farko ya sauka.

A Amurka akwai shirin gwamnati da ke biyan mai garke kashi 75 cikin 100 na kuɗin dabbar da guguwa, tsananin sanyi ko gobarar daji suka kashe. A Nijar da wuya a ga irin wannan diyya ta kuɗi a hannu. Hukuma ta fi ƙoƙarin riga mutuwa isa garke: takan sayar da dusar alkama da abincin bisashe na gurya a farashi mai rahusa, ta hannun tsarin ƙasa na rigakafin matsalar abinci. A farin 2010 kuma an yi ta sayen ramammun bisashe daga makiyaya, a yanka, a raba naman ga mabukata. Kuɗin kaɗan ne, amma gara shi da fatar mushe. Sai dai taimakon ya iske wasu a makare. Dabbobin da suka galabaita, ruwan saman farko mai ƙarfi ya ƙarasa su.

Wani babban biya da ƙasar ta taɓa yi, da dabba aka yi shi. Bayan farin 1973 zuwa 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta tsayu kan shirin sake gina garkuna, aka kafa cibiyoyin hayayyafa a Ibesetan, Fako, Bate da Sayam. Shekara goma ba ta cika da kyau ba, farin 1984 ya sake share garkunan.

Fulani kam sun riga gwamnati. A al'adar habbanaye, mai shanu kan ba wanda ya tsiyace karsana, ya sha nononta, ya riƙe maruƙan da ta haifa, galibi har haihuwa uku, sannan ya mayar da uwar. Babu takarda, babu jami'in tantancewa, domin kowa ya san asarar kowa. Ƙungiyoyin agaji da dama sun ari tsarin, suna raba wa mata awaki.

Tantancewar ce ke kayar da batun diyya. Saniyar da ta faɗi a dajin Tadres, wa ya gani? Ga shi makiyayi ba ya son a ƙirga masa garke, tsoron jangali bai bar zukata ba. Kenya ta kauce wa ƙirgan mushe tun 2010, da inshorar da ta dogara ga hoton tauraron ɗan'adam: ciyawa ta gaza wani mizani, a biya. Nijar ma ta shiga inshorar fari ta Tarayyar Afirka, ARC, ta karɓi kimanin dala miliyan 3.5 a 2015. Kuɗin sun shiga baitulmali, aka yi aikin agajin abinci da su. Ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN da Billital Maroobe, masu ofisoshi a Yamai, har yanzu kiransu shi ne abincin bisashe ya isa mashekari tun kafin bazara ta yi tsanani.