Katanga Ɗaya, Ibada Biyu

(Kiɗan buɗe shiri, sai a sassauta)

Shirinmu na musamman yau zai leƙa bariki, gidajen iyalan sojoji, inda katanga ɗaya tak ke raba ɗakin wani da na wani.

Ku ɗauka asuba ta gabato. Soja ya sauko daga gadi, ya kwance takalmi, idonsa ya yi jawur. Kansa bai gama taɓa matashi ba sai maƙwabci ya ƙure rediyo da wa'azi. Wani daren kuma, a ɗaya ɗakin, mata sun taru addu'ar dare, ga waƙa, ga tafi, jaririn maƙwabciya ya farka yana tsala kuka. Da safe matan ɗakunan biyu suka haɗu a bakin famfo, kowace ta kau da kai. Daga nan ake soma jin "sun tsani addininmu", alhali abin da aka rasa barci ne.

A cikin gari mutum kan zaɓi unguwarsa. A bariki hukuma ce ke ba ka ɗaki, ita ke zaɓa maka maƙwabci: Bazabarme daga Doso, Babarbare daga Difa, Buzu daga Agadas, galibi Musulmi, wasu Kirista. Ga kuma muƙami. Idan mai hayaniyar yana gaba da kai, ƙorafi sai ya yi kama da rashin ɗa'a, sai ƙaramin soja ya haɗiye, matarsa ta haɗiye, abin ya yi ta ruruwa a ciki.

(Kiɗa kaɗan)

Ƙasar Maraɗi ba baƙuwar zaman cuɗanya ba ce. A Tibirin Gobir, garin da Gobirawa suka kafa a 1836, kiran salla da garayar 'yan bori sun daɗe suna shiga kunne ɗaya, Inna tana riƙe da sha'anin bori kusa da fadar Sarki. Nan ne kuma 'yan mishan na SIM suka zauna tun shekarun 1920. A Danja, cikin ƙasar Jiratawa, asibitin kutare na mishan ya shekara fiye da sittin yana karɓar marasa lafiya, akasarinsu Musulmi. Manoman fadamar Jiratawa kuwa sun san darasin sarai: ruwan hanya ɗaya ake sha, wanda ya wuce lokacinsa ya busar da gonar ɗan'uwansa. Dare ma haka yake, rabo ne.

Mun kuma ga yadda wuta ke saurin kamawa. A daren 15 ga Yuni, 2019, bayan an kama wani limami da ya soki daftarin dokar tsara ibada, matasa sun ƙona majami'a a unguwar Zariya cikin Maraɗi. Da aka sako malamin, shi da kansa ya yi kira a kwantar da hankali, amma toka ba ta komawa itace. Ranar 17 ga watan, majalisar dokoki ta amince da dokar. Wancan rikici ba na hayaniya ba ne, sai dai ya nuna mana cewa duk saɓanin da aka yafa wa rigar addini, kashe shi na da wuya.

Tsarin mulkin 2010, a lokacin da yake aiki, ya bai wa kowane ɗan Nijar 'yancin ibada. Lasifika kuwa na'ura ce, tana da maɓallin ragewa. Malamai suna karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sahabbai ɗaga murya kan juna wajen karatu a cikin masallaci ma. Kiristoci su ma ƙaunar maƙwabci na cikin manyan dokokinsu.

To, mene ne abin yi? Mai taron addu'a ko walimar sauka ya yi sallama tun jiya, ya ce, "Yallaɓai, gobe muna da baƙi, ƙarfe goma za mu tashi." Wanda aka dama ya je da kansa, da rana, ba cikin fushin dare ba. Idan ta ƙi, a kai wa limami da fasto kafin a kai wa kwamanda. Hukumar bariki kuma ta tsayar da lokacin shiru guda, wanda ya hau kan babba da ƙarami, masallaci da majami'a.

Masu saurare, gobe sojan nan da maƙwabcinsa mota ɗaya za su hau zuwa dajin Madarumfa ko Gidan Runji, farautar 'yan bindigar da ke addabar iyaka. Wanda ka hana barci jiya, shi ne zai tsare maka baya idan dare ya yi. Ka bar shi ya runtsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)